Reshe Mai Layi Ɗaya

A ofishinmu Kwastan suke ce wa yayata, amma ba a gaban idonta ba. Sun laƙaba mata sunan ne don babu kayan da ke wucewa ta teburinta ba ta kwance shi ta zazzage ba. Ni ma na sha kiranta haka idan muna shan shayi a baranda, ana dariya ina taya su, ni da muka fito ciki ɗaya da ita. Tun daga nan ku san irin mutumin da ke ba ku labarin nan.

Shekara tara ta ba ni. Ita ce ta fari, ni ne auta, a tsakaninmu akwai mata uku da duk suka yi aure suka watse. Babanmu mai gyaran agogo ne a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, kuma ita kaɗai ce a cikinmu ta gaji idonsa. Tun muna yara ita ce mai karanta takardar nan da ake cusawa cikin kwalin magani, wadda kowa ke jefarwa, ta bi ta gaba da baya har ƙananan rubutun. Idan na kai mata aikin gida na ce ta sa mini hannu a madadin Baba, sai ta ja kujera ta sake lissafin tun daga farko, abokaina suna waje suna buga ƙwallo ina jin ihunsu. Tun ina aji uku wannan hali nata ya tsaya mini a rai.

Ba ta samu shiga jami'a ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga takardu a wani shagon kwafi kusa da kotu, lauyoyi su kawo mata rubutun hannu, ita ta buga, ta kuma nuna musu inda suka yi kuskuren kwanan wata. A kan tsohuwar kwamfutar shagon nan ta koyi rubuta manhaja, tsakanin wannan mai kawo takarda da wancan, wani lokaci da jaririya a cinya. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai haƙuri, wanda har yau idan aka tambaye shi aikin matarsa sai ya ce gyaran kwamfuta take yi. Mai kamfaninmu ya ɗauke ta tun suna mutum uku a ɗaki ɗaya da fanka ɗaya. Da na gama karatu na yi shekara biyu ina yawo da takardu, ita ta kama hannuna ta kai ni wurinsa, ta ce ta tsaya mini.

Aikinmu manhajar da makarantu ke fitar da sakamakon jarrabawa. Mu goma sha ɗaya ne yanzu, duk muna rubutu a kan abu ɗaya, don haka akwai tsari. Akwai babban kwafi, wanda muke kira tushe, shi ne ke zuwa makarantu, kuma ba a taɓa shi kai tsaye. Duk mai son ya gyara wani abu sai ya ciri reshe, wato nasa kwafin, ya yi ta kwaɓarsa a can. Idan ya gama sai ya nemi a haɗe reshen da tushe, ya rubuta dalili a wani ɗan akwati da ke sama. Sai mutum biyu sun karanta sun danna koren maɓalli kafin ya shiga. Idan kuwa gyaran ya taɓa lissafin maki, dole ɗaya daga cikin masu dannawa ya zama mai gadi. Masu gadi biyu ne, Manaja da Yaya, kuma sunayensu na cikin wani ɗan fayil da shi ma yake zaune a cikin tushen. Kome aka yi, na'ura tana ajiye tarihinsa: wa ya rubuta, wa ya amince, da ƙarfe nawa.

A takarda tsarin nan ya yi kyau. A aikace kuwa abin ƙyama ne. Wanda zai kai reshe yakan leƙo ta saman allon kwamfutarsa ya ce, "Danna mini, zan danna maka," kamar mai neman a ara masa ashana. Babu mai karantawa. A rubuta "ya yi" a ƙasa, a danna, a koma kallon waya. Gwaninmu a wannan fanni wani ne da muke kira Walƙiya, doguwar halitta mai turare kamar ya yi wanka da shi, wanda ya taɓa amincewa da fayil sittin yana tauna burodi da ɗaya hannun. Kuma shi ne ɗan lelen Manaja, don a taron safiyar Litinin allo yakan nuna shi ne ya fi kowa yawan rassan da aka haɗe.

Teburin Yaya yana lungu, jikin firij ɗin da ke gurnani yini guda. A kai akwai filas ɗin shayi, da tabarau mai karyayyen hannu da ta ɗaure da baƙin zare, da wani littafi mai layi-layi inda take gwada lissafi da biro kafin ta yarda da na na'ura. Idan reshe ya zo gabanta sai ta karanta shi layi bayan layi, yatsanta a jikin gilashi, leɓenta na motsi. Akwatin dalili take fara dubawa. In ta tarar da shi fayau, ko an rubuta "ƙananan gyare-gyare", ba ta ma buɗe sauran, sai ta rubuta kalma biyu ta mayar: "Babu dalili." Kalmomin nan biyu sun sa an ɗora mata karan tsana fiye da duk wani abu da ta taɓa yi.

Ni ma ba ta raga mini. Sau ɗaya na je na tsaya a kanta na ce, "Haba Yaya, launin maɓalli kawai na canza."

"To rubuta haka mana, Auta. Hannunka ciwo yake?"

"Kowa ya san abin da na yi."

"Yau sun sani. Nan da shekara uku kai kanka ba za ka tuna ba, wata baiwar Allah ce za ta zauna tana zaginka ba ta san laifinka ba."

Na koma na rubuta, ina jin Walƙiya yana kwaikwayon muryarta ƙasa-ƙasa, kuma na yi dariya don ya ji.

Rigimar ta taso ne a kan sifili. Wata babbar makaranta ta ce tana son sakamako ya riƙa fitowa da sauri, Walƙiya ya ciri reshe ya sake rubuta lissafin maki. Ya yi sauri kam, ba ƙarya. Amma Yaya ta gano cewa a sabon lissafin, yaron da bai zauna jarrabawa ba saboda rashin lafiya sifili ake ba shi, maimakon a bar gurbin babu kome kamar da. Sifilin nan sai ya ja matsakaicin makinsa ƙasa, ya fito kamar daƙiƙi. Ta rubuta masa bayani da misali uku daga littafinta, ta ƙi dannawa. Manaja zai iya dannawa da kansa tunda shi ma mai gadi ne, amma muddin mai gadi ɗaya ya rubuta "a gyara", na'ura ba ta barin reshe ya wuce.

Kwana tara reshen yana tsaye. A na taran Manaja ya fito daga ofishinsa mai gilashi, ya zo ya jingina da firij.

"Anti, yara nawa ne ke rashin lafiya ranar jarrabawa? Biyu? Uku?"

"Ban ƙirga ba. Ko ɗaya ne ai ɗan wani ne."

"Mu haɗe yanzu, daga baya a gyara."

"Gyaran bai fi aikin awa biyu ba. Ya zauna ya yi, in danna masa kafin a tashi."

Walƙiya ya ce daga teburinsa, ba tare da ya juyo ba, shi ba zai sake taɓa aikin da ya gama ba don wata tana jin daɗin riƙe mutane. Manaja ya yi murmushin nan nasa na haƙora zalla, ya koma ciki. Ba zai iya cire ta daga masu gadi da baki ba, don mai kamfani ne ya sa ta, kuma ƙa'ida ita ce duk canji sai ya bi ta reshe.

Ranar Alhamis aka ba Mama lokacin ganin likitan ido. Ni da Yaya muke karɓa-karɓa wajen kai ta, kuma wannan karon layina ne. Na san yadda asibitin nan yake, a zauna a benci tun safe har yamma, Mama tana ba maƙwabcin zama tarihin ciwonta. Sai na marairaice wa Yaya na ce aiki ya yi mini yawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta san ƙarya nake, amma ta ce to. Ta ɗauki hutun yini ɗaya ta tafi.

Aikin da ya yi mini yawa ranar nan shi ne zaɓen labule. Matata ta turo mini hoto takwas ta ce in faɗi wanda ya dace da falo. Wajen ƙarfe uku, ina tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa, Walƙiya ya leƙo.

"Mutumina, danna mini wannan. Tsara fayiloli ne kawai da share tarkace."

Na buɗe. Fayil ɗari biyu da goma sha huɗu. A akwatin dalili an rubuta "tsafta". Manaja ya riga ya danna nasa. Na ja linzamin kwamfuta ƙasa sau biyu don a ga kamar na duba, na rubuta "ya yi", na danna kore, na koma kan labule. Ruwan toka na zaɓa, kuma matata ta sayi ruwan ƙasa.

Da safiyar Juma'a Yaya ta shigo ta ajiye filas, ta kunna kwamfuta. Ina kallonta ta gefen ido don in ga ko tana fushi da ni kan asibiti. Na ga ta daɗe ba ta motsa ba. Reshen sifili ya shiga tushe tun jiya da yamma, "a gyara" ɗinta yana nan a jikinsa, amma ya wuce ta kai. Ba ta tambayi kowa ba. Ta buɗe tarihi ta bi shi da yatsa kamar yadda take bin kome. A fayil na ɗari da tamanin da bakwai na reshen tsafta, an goge layi ɗaya daga fayil ɗin masu gadi, layin sunanta. Fayil ɗin ba ya cikin lissafin maki, don haka kowane mutum biyu sun isa su amince a taɓa shi. A ƙasa na'ura ta rubuta waɗanda suka amince, Manaja da ni. Har ta rubuta tsawon lokacin da na yi tsakanin buɗewa da dannawa, daƙiƙa arba'in da bakwai.

Ni ban san kome ba sai da na ga mutane suna satar kallona. Na buɗe tarihin da kaina, na ga sunana, mai ɗauke da sunan babanmu kamar nata, zaune a ƙarƙashin jan layin da ya shafe ta. Da gangan suka zaɓe ni, wannan ba sai an faɗa mini ba. A ofishin nan akwai wasu mutum bakwai da za su danna ido rufe, amma suka tsallake su duka suka zo wurina, don su ɗaure mata baki. Kuma sun san ba sai sun yaudare ni da wata dabara ba, sun san zan danna.

Yaya ba ta je ofishin Manaja ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar, ta buɗe reshe na gaba ta ci gaba da karatu.

Ranar Asabar muka haɗu a gidan Mama kamar kullum. Mama na zaune a kujerar roba a tsakar gida, ido ɗaya da auduga, jikoki na tsalle a kan tsohuwar katifa. Na zo da dogon jawabin ban haƙuri da na haddace a mota. Yaya tana wanke kofuna a bakin famfo, na tsuguna kusa da ita.

"Yaya, wallahi ban gani ba."

"Na sani."

"Da na gani ba zan taɓa..."

"Na sani, Auta. Da ka gani ka danna, da na ce ƙanena mugu ne, in san inda zan ajiye ka. Ba ka gani ba. Miƙo mini wancan kofin."

Ina nan tsugune Mama ta kira ni, ta ce in duba mata kwalin sabon maganin idon, sau nawa ake ɗigawa. Na tashi na karɓa, na fara juya kwalin. Kafin in buɗe baki Yaya ta goge hannu a zaninta, ta zo ta zare shi daga hannuna a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro.

"Kawo nan. Ni zan karanta mata."

Mama ta ce, "Kai, ke dai ba kya canzawa. Shi bai iya karatu ba ne, duk makarantar da ya yi?" Ta yi dariya, jikoki suka taya ta ba su san dalili ba. Yaya ta zaro takardar cikin kwalin ta warware ta, ta karanta gaba da baya.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Na ciri reshe, na buɗe fayil ɗin masu gadi, na mayar da sunanta. Layi ɗaya ne, babu wani abu bayansa. Na tura, na leƙa ta saman allo na ce wa na kusa da ni, wani mai shiru-shiru da na danna wa ya fi sau ɗari, "Danna mini."

Ya buɗe, ya karanta. A shekara huɗu da muka yi teburi na jikin teburi, ranar na fara ganin idonsa yana bin layi daga hagu zuwa dama. Ya sosa ƙeya ya ce zai duba anjima, yanzu yana tsakiyar wani abu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce shi bai saba taɓa fayil ɗin nan ba, waccan ta ce gara a jira Manaja ya yi magana. Walƙiya ya buɗe shi ya yi minti shida a kai, na'ura ce ta nuna, sannan ya rufe ya tafi haɗa shayi. Ashe duk sun iya karatu. Ni dai ba a ba ni ikon danna wa kaina ba. Yaya kuwa tana da ikon danna kore kamar kowane ma'aikaci, amma ta ce ba ta sa hannu a kan abin da ya shafe ta. Na rubuta wa mai kamfani, wanda yanzu hankalinsa ya koma kan wata harkar daban, sau biyu yake leƙo mu a shekara. Bayan mako guda ya amsa da cewa mu daidaita a tsakaninmu, mu manya ne.

Manaja ya kira ni ofishinsa ya ba ni lemo mai sanyi. Ya ce shi ba ya riƙe da kowa a rai, an sauƙaƙa wa Anti nauyi ne kawai, shekaru sun fara ja. Ya ce in rufe reshen don yana ɓata allon Litinin. Na sha lemon, Allah ya sani na sha, har na ce na gode. Reshen dai ban rufe ba.

Yanzu an ƙara wa Yaya amsa wayar makarantu, tunda ta samu sarari. Har yau tana karanta kowane reshe, tana rubuta abin da ta gani, su kuma suna haɗewa ta kan rubutunta kamar masu taka tabarma da takalmi. Babu abin da ya fashe, babu makarantar da ta kore mu, Walƙiya ma har an ƙara masa girma. Sai dai a ƙarshen kowane zango waya takan yi ƙara, wata malama ta ce ga yarinya ta yi jinya an ba ta sifili, uwarta na tsaye a ofis. Sai in ji Yaya daga lungun firij tana cewa, "Ba ni lambarta, Malama," ta buɗe littafinta ta lissafa da biro, ta gyara wa yarinyar da hannu. Waɗanda malamansu ba su lura ba, babu mai kiran waya a kansu.

Reshena ya yi kwana goma sha biyu a buɗe kafin wani ya rubuta kome a ƙarƙashinsa. Da na ga alamar saƙo, na ɗauka wani ya ji kunya ya danna. Yaya ce. Ta rubuta, "Babu dalili."

Na duba sama. Akwatin fayau yake. Garin sauri, da ganin cewa kowa ya san abin da ya faru, ban rubuta kome ba. Na fara da cewa an cire sunan ne bisa kuskure, na goge, don ba kuskure ba ne. Na rubuta cewa an yi amfani da ni, na goge wannan ma, don na san da wane ido za ta karanta shi. Na daɗe hannuna a kan madannai, firij na gurnani, ina jin ƙarar cokalinta a cikin kofi. Abin da ke akwatin nan ba ya goguwa daga tarihi, duk wanda aka ɗauka aiki nan da shekara goma zai iya buɗewa ya gani. Daga ƙarshe na rubuta: "An cire wannan suna a cikin reshen da na amince da shi ban karanta ba. Ranar layina ne in kai mahaifiyarmu asibiti, na ce wa yayata aiki ya yi mini yawa. Labule nake zaɓa."

Na tura. Ban iya juyawa na dubi lungun ba. Bayan kamar minti biyu saƙo ya shigo a ƙasa, ba kore, ba "ya yi".

"Na karanta."

Yau kwana ɗari da goma sha huɗu reshen yana buɗe. Duk safiyar Litinin nakan sabunta shi don kada ya tsufa a share shi da tarkace, kuma yana fitowa a ƙasan allon taro, kowa ya kawar da kai. A duk ofishin nan shi kaɗai ne reshen da mutum goma sha ɗaya suka karanta daga farko har ƙarshe. Maganin idon Mama kuwa, har yanzu Yaya ba ta bari in riƙe kwalin.